Gyaran famfo da banɗaki a gida: wanda zaka iya da hannunka da wanda sai ka kira fulamba

Ni dai abin da ya koya min wannan harkar ba wani abu bane illa wani dare da fayif ɗin ƙarƙashin sink ɗin kicin ya fita daga mazauninsa wajen ƙarfe biyu na dare, muna bacci, sai uwargida ce ta tashe ni tana cewa "Baban yara tashi, ruwa a falo!" Na sauko ƙafata ta faɗa cikin ruwa, kafet ya sha ya ƙoshi, ga tanki mun cika shi da yamma da NEPA suka kawo wuta, lita 2000 cif, kuma wallahi a lokacin ban san inda ake kashe ruwan gidan da nake ciki shekara uku ba. Haka na tsaya da tsumma ina toshe bakin fayif kamar wani yaro har tankin ya kusa ƙarewa. Da safe fulamba ya zo, gyaran bai kai minti goma ba, ya nuna min wani ɗan hannu ja a ƙarƙashin tanki yace "Oga da wannan ka juya ai da ko kofi ɗaya bai zuba ba." Tun daga ranar duk sanda ya zo aiki ni ne yaronsa, ina riƙe masa sifana ina tambaya.

Toh abu na farko kenan, yau ɗin nan ba gobe ba, ka fita ka bi hanyar ruwan gidanka da ido. Yawancin gidajenmu a nan Kano tsarin ɗaya ne: bohol ko rijiya, sumo ya tura ruwa sama zuwa tanki, daga tanki ya gangaro da kansa zuwa kicin da banɗaki da famfon tsakar gida. In kuna cikin unguwannin da ruwan gwamnati ke zuwa daga Tamburawa ko Challawa to akwai layin da ya shigo daga titi, shi ma yana da nasa makashin kusa da katanga ko bakin ƙofa. Ka nemo bal ɗin da ke ƙasan tanki, wato makashin ruwan. Mai dogon hannu ɗin nan in hannun ya miƙe ya bi tsawon fayif to a buɗe yake, in ya gitta to a rufe yake. Mai zagayen kai kamar sitiyari kuma murɗa shi ake ta dama har ya tsaya. Ka nuna wa matarka da manyan yara, don sau da yawa abin yana faruwa ne kana kasuwa ko ofis. Kuma duk bayan wata ɗaya ko biyu ka rufe ka buɗe shi, saboda in ya shekara ba a taɓa shi ba ranar da kake buƙatarsa zaka tarar ya ƙame, ka matsa masa hannun ya karye a hannunka. In da hali ka sa a saka wa kowane banɗaki nasa bal ɗin daban, yadda in ɗaya ya samu matsala ba sai an hana duk gidan ruwa ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana mai daidaitawa guda biyu, filaya, sukurdireba mai baki ɗaya da mai kuros, ƙaramin zarto na yanka fayif, samfefa, farin tef na zare, ƙaramin gwangwanin gam na PVC, fulanja ta roba, da 'yan mahaɗan fayif, wato soket da elbo da ti, na rabin inci da na tiri kwata. Ka zuba su a bokitin fenti ka rufe. Duk ana samu a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, mutanen Kaduna kuma Panteka na nan, kuma yanzu kusan kowace unguwa akwai mai shagon kayan famfo. Gam ɗin dai ka sayi ƙarami don in aka buɗe shi baya daɗewa yake daskarewa.

Famfo mai ɗiga shi ne ya fi yawa kuma shi aka fi rainawa. Ka ajiye bokiti a ƙarƙashinsa da daddare ka duba da asuba, sai ka lissafa da kuɗin jarkar 'yan garuwa, a nan zaka gane ba ƙaramar asara bace. Famfo kala biyu ne. Akwai na da, wanda ake murɗawa sau uku sau huɗu kafin ya rufe, shi a cikinsa wata 'yar baƙar roba ce mai zagaye da ake kira wosha, ita ke cinyewa. Ka kashe ruwa, ka buɗe famfon sauran ruwan ya tsiyaye, ka cire murfin kan da sukurun da ke ƙarƙashinsa, ka sa sifana ɗaya ka riƙe jikin famfon, ɗayar kuma ka kwance kan ta hagu. Riƙewar nan da muhimmanci, in baka riƙe ba gaba ɗaya famfon zai juya ya fasa soket ɗin da ke cikin bango, ƙaramin aiki ya koma fasa tayil. Ka ciro, zaka ga woshar a ƙasa ta lotsa ko ta tsage, ka canza ta, ka goge mazauninta in akwai yashi, ka mayar. Tsofaffin masu gyara har da silifas ko tiyub ɗin mota suke yanka wosha kuma tana yi na ɗan lokaci.

Na zamani kuma, wanda kwata ɗin juyi kawai yake yi, babu wosha irin waccan, wasu fararen faifai ne guda biyu na tangaran a ciki, in yashin bohol ya karce su shikenan sai dai a canza zuciyar gaba ɗaya. Ka cire ta ka tafi da ita shago a aljihu, kar ka tsaya kwatance da baki, don tsawonsu da haƙoran kansu sun bambanta, mai shago kuma zai ce maka "ai duk ɗaya ne Alhaji" ka dawo gida ta ƙi shiga. In famfon irin mai arahar nan ne mai ƙyalli da ba nauyi, ni shawarata kar ka ɓata lokaci, canza shi. Ka ɗaga shi a hannu, na tagulla na gaske yana da nauyi. Famfon tsakar gida da yara ke wasa da shi kuwa gara na roba mai kyau, in ya lalace ba zafi, kuma ɓarayin ƙarfe basa kallonsa.

Naɗa tef shi ma akwai yadda ake yi, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. Ka riƙe famfon bakin zaren yana kallonka, ka naɗa tef ɗin ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kana ɗan ja yana shiga cikin zaren. In ka naɗa ta hagu, kana ɗaurawa yana warwarewa ya dunƙule a waje. Tef ɗin kasuwa siriri ne, zagaye goma zuwa sha biyar ba laifi. Ka fara ɗaurawa da hannu har ya yi tauri sannan ka ƙara juyi ɗaya ko biyu da sifana, ka tsaya. In zaren ƙarfe ne ke shiga soket ɗin roba, ƙarfin tuwo ba naka bane a nan, yana tsagewa ne a hankali yadda ba zaka gani ba sai bayan sati bango ya fara jiƙa.

In ruwa ya rage ƙarfi a famfo ɗaya kawai, sauran lafiya, to ba tanki bane. Ka kwance ɗan bakin famfon, akwai rariya a ciki, zaka ganta cike da yashi da tsatsa, ka wanke da tsohon buroshin haƙori. Kan shawa kuma da ramukansa suka toshe da farin abin nan kamar gishiri, ka cire ka jiƙa a ruwan khal ko ruwan lemon tsami ya kwana, da safe ka bi ramukan da allura. Amma in tanki ya ƙare ƙaf aka sake cika shi sannan famfo ya koma tari yana tofar da ruwa kaɗan-kaɗan ko ya ƙi zuwa sam, iska ce ta shiga layi. Ka buɗe duk famfunan gidan lokaci ɗaya ka barsu na 'yan mintuna, yawanci tana fita. In ta ƙi, ka samu tiyo ka haɗa bakin famfon da ke da ƙarfi da wanda ya ƙi, ka buɗe duka biyun ruwan ya tura iskar ta koma tanki. In abin ya zame muku kullum ka sa fulamba ya ɗora ti a bakin fitar tanki da fayif a tsaye da ya wuce tsayin tankin, iskar ta riƙa fita ta nan. Wani kuma zai ta canza kan shawa yana zagin kamfani alhali tankinsa ne a ƙasa, don ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga tsayi yake zuwa ba daga girman tanki ba, tankin lita 5000 da ke kan ɗan dakali bazai baka shawa mai ƙarfi ba, na lita 1000 da ke can sama zai fi shi.

Tunda an zo maganar tanki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kenan tankin lita 2000 in ya cika tan biyu ne a saman kanku, don haka ƙarfen da ya ɗauke shi ba wajen neman araha bane, ka riƙa duba ƙafafunsa da wajen walda ko tsatsa ta ci, kuma ƙasan tankin ya zauna a kan abu shimfiɗaɗɗe ba kan sanduna biyu ba. Ambaliyar tanki kuwa kowa ya santa, a kunna sumo a manta, sai maƙwabci ya buga ƙofa yace "Malam tankinku na zuba." Maganinta filot. Na layin ruwan gwamnati ƙwallo ne a kan sanda, ruwa na tasowa yana ɗaga shi ya rufe, in yana wucewa ka ɗan lanƙwasa sandar ƙasa ko ka duba ko ƙwallon ya huje ya sha ruwa. Na sumo kuma kar ka kuskura ka sa masa irin wannan shi kaɗai, don zai rufe hanya injin na ta turawa, ko fayif ya fashe ko injin ya ƙone. Shi filot na wuta ake sa masa mai kashe injin da kansa, wannan kam aikin mai wayarin ne. Ka wanke tanki ko sau biyu a shekara, ka tabbata murfin na rufe, na taɓa ganin abin da aka ciro daga tankin da ba murfi, bazan faɗa ba kar wani na cin abinci.

Fayif ɗin PVC da ya fashe a fili gyaransa da sauƙi. Kashe ruwa, ka bari ya tsiyaye sosai don gam baya kama jiƙaƙƙen fayif, wannan shi ne sirrin gaba ɗaya. Ka yanke wajen da ya fashe a miƙe, ka kankare bakin, ka ɗan goga samfefa a wajen fayif da cikin soket, ka goge da busasshen tsumma, ka shafa gam a duka biyun, ka tura da sauri har ƙarshe kana ɗan murɗawa, ka riƙe kamar rabin minti don yana son turowa baya. Kar ka saki ruwa nan take, ka bashi ko awa ɗaya, in layin sumo ne mai ƙarfi ka barshi ya fi haka, in ma zai kwana ya fi. In ruwa ya ƙi daina ɗigowa daga cikin fayif ɗin akwai dabarar cusa ɗan burodi ya tare shi kafin ka gama, daga baya ya narke ya fita, amma ka cire rariyar famfo kafin ka saki ruwan. Ɗaure fayif da robar tiyub kuma na dare ɗaya ne zuwa wayewar gari, mu kuma sai mu barshi shekara. Haka ƙona bakin fayif da takarda a faɗaɗa shi don kar a sayi soket, a layin ruwan datti wataƙila ka sha, a layin da ke da matsi kuwa wajen ya riga ya yi rauni, nan zai fara fashewa. Sannan rana tana cin PVC, irin zafin watan Maris zuwa Mayu ɗin nan, bayan 'yan shekaru zaka ga ya yi fari ya bushe kana taɓawa ya karye kamar karan dawa, duk wanda ke waje a binne shi ko a shafa masa fenti. Koren fayif ɗin nan PPR shi ba a sa masa gam, da inji ake narka bakinsa a haɗa, ya fi ƙarko kuma yana ɗaukar ruwan zafi, amma gyaransa sai mai injin.

In kana zargin yoyo a cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa, fenti na kumbura, tayil na sanyi, ko wani waje a tsakar gida kullum a jiƙe, ga gwaji: da daddare ka rufe duk famfuna, ka rufe ɗan bal ɗin tankin masai, ka sa alama a inda ruwan tanki ya tsaya, da asuba kafin kowa ya yi alwala ka duba. In ya sauka akwai inda yake bi. Daga nan fulamba zaka kira, amma aƙalla ka san ba a banza za a fasa maka bango ba.

Masai na zama shi ne babban ɓarawon ruwa a gida kuma shiru yake sata. Ka ɗaga murfin tankinsa ka zuba 'yar bula ta wanki a ciki, kar a yi filashin, bayan minti ashirin ka leƙa kwanon, in ka ga shuɗi to robar ƙasa bata rufewa. Wani lokaci datti ne kawai ko sarƙar ta maƙale, ka wanke, in ta taurare ka canza. In kuma ruwan na cika har yana bi ta fayif ɗin ambaliya to filot ɗinsa ne, ka sauke shi ƙasa kaɗan da sukurun da ke jikinsa. Kayan cikin gaba ɗaya ana sayar da su saiti, kuma canza su baya wuce awa.

Toshewa kuma, gaskiya yawanci mu ne. Famfas, audugar mata, leda, tsumma, ragowar sabulu, yara su jefa murfin kwalba ko buroshi. Fayif ɗin masai inci huɗu ne amma wuyan kwanon a lanƙwashe yake, nan abu ke maƙalewa. In ka ga ruwa na tasowa kar ka ƙara filashin, zaka yi nadama. Ka sa fulanja ta rufe ramin sosai, ruwa ya rufe robar, ka danna a hankali da farko sannan ka riƙa turawa kana ja da ƙarfi sau ashirin haka. In ya ƙi, ka zuba omo da bokitin ruwa mai ɗumi sosai, ba tafasasshe ba don yana iya tsaga kwanon, ka barshi rabin awa ka sake. In har yanzu, fita bayan banɗaki ka ɗaga murfin cemba, wato ɗan ramin da fayif ɗin masai ke bi ta cikinsa kafin ya wuce sokawe. In cemba a bushe take toshewar na tsakaninta da masai, in a cike take to matsalar na gaba, ko layin sokawe ko sokawen kansa ya cika. Wari kuma ba kullum toshewa bane, lanƙwasar da ke ƙarƙashin sink da magudanar ƙasa an yi ta ne ta riƙe ɗan ruwa ya tare iskar sokawe, banɗakin baƙi da aka daɗe ba a shiga ba ruwan ke bushewa musamman da hunturu, ka zuba buta ɗaya warin ya tafi.

Sink ɗin kicin shi maiƙo ne ke kashe shi, manja da man miya su sauka da ɗumi su daskare a hanya, ragowar tuwo da shinkafa su manne, ga masu wanke tukunya da toka ko yashi. Ka sa roba a ƙasa, ka kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin sink da hannu, ka zubar da abin da ke ciki, ka wanke ka mayar, ka lura da robar bakinsa kar ta faɗi. Sau da yawa shikenan. Masu zuba soda dan Allah a yi hattara, tana ƙona fata tana makantarwa, ita ake zubawa cikin ruwan sanyi a hankali ba a zuba mata ruwa a kai ba, a sa safar hannu a kawar da fuska, kuma in ka zuba ta bata yi ba ka faɗa wa fulamba kafin ya sa hannu. Kar kuma a haɗa Hypo da Harpic ko wani asid wai don ya fi ƙarfi, hayaƙin da ke tashi guba ne, a rufaffen banɗaki yana iya kayar da mutum.

Sokawe kam babu ruwanka da shi. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙu, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a can yake zama, ko waya ce ta faɗa a barta. Kar a leƙa da ashana ko sigari don iskar na kamawa da wuta. A kira masu motar zuƙa, kuma a yi haka kafin damina ta nutsa ba sai Agusta da ƙasa ta ƙoshi ba. Mai sabon gini kuma ya nisanta shi da rijiya ko bohol, mita 30 ake so, in fili ya yi kaɗan kar dai ya gaza 15, kuma ka tambayi maƙwabcinka inda nasa yake don ruwan ƙasa bai san katanga ba. Hita da sumo su ma a bar wa masu su, abin da ya rage naka kawai kar a kunna hita babu ruwa a ciki, kar kuma a bar sumo na aiki bayan ruwa ya daina fitowa, duka biyun ƙonewa suke.

In ta kama sai an kira fulamba, ku yi ciniki kafin ya taɓa komai, kuɗin aiki daban kuɗin kaya daban. Ya rubuta maka kayan, ku je tare ko ka saya da kanka, amma in ka sayo mai arahar da yace kar ka saya to kar ka zo kana ɗora masa laifi. Kar ka biya duka sai an saki ruwa kun zagaya tare, kuma tsofaffin kayan da aka cire a nuna maka. Ɗan haya ya sanar da mai gida kafin a fasa ko'ina, in ba haka ba wajen cire kuɗin a haya ne rigima ke tashi. In sabon aiki ne a cikin bango, kar mai filasta ko mai tayil ya rufe sai an cika layin da ruwa ya kwana an ga ba inda ke tsattsafowa, sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka fayif na a fili. Ni ban yi haka ba, shi yasa ranar da na zo kafa madubi a banɗaki ƙusa ta farko a tsakiyar fayif ɗin shawa ta sauka, sai dai wannan karon da gudu na nufi ƙarƙashin tanki.